Rawanin Mdou Moctar Ba Don Bature Aka Naɗa Shi Ba

Malam, ka rubuta cewa rawani da shaddar da Mdou Moctar ke sawa a dandamalin Amurka dabarar jan hankalin Turawa ce kawai. Maganar nan ta yi mini ciwo. Mutumin ɗan jihar Tawa ne, da rawanin nan yake kaɗa jita da hannun hagu a gidajen biki tun kafin Bature ya ji sunansa. In shadda ce kuma, zo kasuwar Konni ana jibi Sallah ka ga tela, abin awo a wuya, yana auna kafaɗa sau biyu kafin almakashi ya taɓa shadda. Har daga Malbaza da Illela ake kawo ɗinki. Gumin waɗannan hannaye ka raina. Ka janye maganarka.