Kar mu kori ƙaramin jemage daga duwatsun Adar

Ƴan uwa manoma, yau za mu kwatanta halittu biyu masu zama cikin kogo, don mu ɗauki darasi.

Na farko wani ƙwaro ne mai kama da buzuzu. An gano shi a shekarar 1831 cikin wani babban kogo na ƙasar Silobeniya, a Turai. Girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Ba ya da ido, ba ya tashi sama. Cikin duhu yake rayuwa, cikin duhu yake mutuwa. Idan gurɓataccen ruwa ya tsiyaya cikin kogon, ba ya da wurin gudu. Shi ya sa yanzu doka take kare shi a can.

Na biyu namu ne. Shi ne ƙaramin jemage da muke gani da magariba a Tawa, da Kaita, da Tamaske. Da rana yana kwana cikin kogon dutse, ko ramin icce, ko tsohon rumbu. Da dare yana fita farauta. Yana cin sauro da ƙananan ƙwari masu tashi, irin waɗanda tsutsarsu ke ɓata amfanin gona. A dare ɗaya yana iya cin abin da ya kai rabin nauyinsa. Kashinsa kuma taki ne mai ƙarfi.

Wani zai ce: ai jemage yana da fiffike, in an kore shi sai ya sake wuri. Amma uwar jemage ɗa ɗaya ko biyu take haihuwa a shekara. Idan yara suka tura hayaƙi cikin kogo, uwa ta tashi, ƴaƴan da ba su iya tashi ba su mutu. A nan jemage da ƙwaron nan sun zama ɗaya: gidansu shi ne ransu.

Saboda haka muna ganin ya kamata mu hana yara cinna wuta a bakin kogo. Amma mu kula da lafiyarmu. Kar mu kama jemage da hannu, don cizonsa yana iya kawo ciwo irin na haukan kare. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya tafi asibiti nan da nan. Mai kwasar takin jemage ya rufe hanci da baki. Kuma jemage bai ɗauke mana kwana cikin gidan sauro ba.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.