Tsarabar salla: kafin a saye wa na gida waya, a tambayi wuta da rezo

Salla na ƙaratowa, ƴan uwanmu da ke Abijan, Akara, Legas, Libiya, Saudiyya, Faransa da Amurka sun fara lissafin abin da za su aiko gida. A da in an ce tsarabar salla, shadda ce da atamfa da turare da takalman yara. Yanzu in ka buga wa ƙane ko ɗan yaya waya ka ce me kake so, kafin ka rufe baki ya ce maka waya. In ba waya ba, to abin sawa a kunne, ko agogo mai taɓawa, ko lasifika mai haɗuwa da waya. Tsofaffi ma sun shiga layi, tunda da WhatsApp suke jin muryar ƴaƴansu da ke nesa.

Kuɗin da ake kashewa a nan ba kaɗan ba ne, wani albashin wata guda yake zubawa. Abin takaici, da yawa daga cikin kayan nan kafin wata salla ta zagayo sun koma cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa. Sau da yawa kayan ba su da laifi, an dai saye su ne da tunanin garin da mai saye yake zaune, an manta da garin da za su sauka. Akwai tambayoyi huɗu da ya kamata a amsa tun kuɗi na aljihu.

Ta farko: ina za a sa caji? A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, kuma galibinsu a birane suke. A karkara abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Ko masu layin NIGELEC sun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa bayan takunkumin CEDEAO, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasa daga can take zuwa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai ita ma ta rage zafi, amma duk wannan bai kai wuta ƙauyen da babu ko turke ɗaya ba. A can, mai babbar waya kullum yana hanyar shagon mai caji, yana biya, yana barin wayarsa a hannun wani.

Saboda haka ga wanda ya riga yana da waya, ƙaramin faifan sola da batirin ajiye caji sun fi sabuwar waya amfani. Lissafin mai sauƙi ne. Faifai mai wat 20, in ya samu rana mai kyau, zai iya cika wayoyi uku zuwa huɗu a yini. Batirin ajiya da aka rubuta wa 20,000 mAh yana cika waya mai 5,000 mAh sau biyu da rabi zuwa uku, ba sau huɗu ba, domin wani kaso na wutar yana salwanta a hanya. In kuma ka ga ɗan ƙaramin batiri mara nauyi an rubuta masa 50,000 ko 100,000 a kan kuɗi kaɗan, ajiye shi ka wuce. Araha ba ta ado.

Har yanzu a kan wuta, ƴan Amurka da Kanada su lura. Wutar can volt 110 zuwa 120 ce, ta nan 220. Caja da aka rubuta mata 100-240V tana aiki ko'ina, amma injin aski ko na markaɗe da aka rubuta wa 120V kaɗai, da an jona shi ya ƙone. Kayan Ingila, Saudiyya, Gana da Najeriya kuwa yawanci da kai mai ƙafa uku suke zuwa, alhali a gidaje da yawa nan mai ƙafa biyu zagaye irin na Faransa ke bango. A haɗo da ɗan abin da ke daidaita su. Mai tahowa ta jirgi kuma ya sani, batirin ajiya a jakar hannu ake riƙe shi, ba a yarda a sa shi cikin akwatin da ake aunawa ba.

Tambaya ta biyu: wayar za ta karɓi layinmu? Yawancin wayoyin da ake saye bashi-bashi daga kamfanonin sadarwa na Amurka a kulle suke, ba sa karɓar layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms sai kamfanin can ya buɗe su. Sannan tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sa katin layi ko kaɗan. Wanda ke ƙauye da katinsa a hannu ba shi da inda zai zura shi. Ga kuma tsohuwar waya da mutum ya gama amfani da ita ya ce bari ya aika gida: in bai cire asusunsa na iCloud ko na Google ba kafin ya goge ta, za ta iso tana neman lambar sirri, mai gyara ba lallai ya iya komai ba. In ta tsufa da yawa ma WhatsApp ba zai hau ba. Tun 2023 ya bar aiki a kan Android da ke ƙasa da 5, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da iPhone 6.

Wani abu da na waje ke mantawa shi ne layi biyu. Mutanenmu na bakin iyaka, daga Ƙonni zuwa Ɗan Isa zuwa Magarya, da yawa suna riƙe layin Nijar da na Najeriya tare. A cikin ƙauye ma wani kamfani ke kamawa a gida, wani a gona. Waya mai layi ɗaya, komai tsadarta, ta rage musu hanya.

Tambaya ta uku: in ta lalace wa zai gyara? Nan ne sirrin Tecno da Itel da Infinix yake. Dukkansu na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya gina kasuwarsa a kan buƙatun Afirka: layi biyu, batiri mai daɗewa, da rediyon FM wanda ba ya cin kuɗin intanet. iPhone ba ta da wannan rediyo. Gilashin waɗannan wayoyi da bakin cajinsu ana samun su a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, wanda babu kuma a ɗauko daga Farm Centre ta Kano. Waya mai suna baƙo kuwa, ranar da gilashinta ya fashe ranar ta mutu, ko kuma a nemi kuɗin gyara da ya kai na sabuwar ƙaramar waya. Kada a manta da yanayi. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, kuma zafi na kashe batiri, ga ƙurar hunturu da ke toshe bakin caji. Riga mai kauri da gilashin kariya su zo tare da wayar, kada a ce sai daga baya.

Tambaya ta huɗu ita ce wadda ake jin nauyin yi: wa zai riƙa ciyar da ita? Babbar waya kamar doki ce, sayenta daban, harawarta daban. Bidiyo da kiran ganin fuska suna shan intanet, intanet kuma kuɗi ne duk mako. Ka ba dattijuwa wayar da ba ta iya saye wa intanet, ka ɗora mata nauyi, ko kuma wayar ta koma hannun jikoki ita ta tashi a tutar babu. Ga irin su Inna da Baba, sau da yawa ƙaramar waya mai maɓalli, mai tocila da rediyo, wadda ke kwanaki ba caji, ita ce daidai. In kuma so ake a riƙa jin muryarsu ta WhatsApp, to mai aikowa ya ɗauki alkawarin sa musu intanet duk wata, ya lissafa shi cikin kuɗin tsarabar tun farko.

To samarin da ke son kayan zamani da gaske fa, masu kwance rediyo su mayar, masu gyara wa duk unguwa waya? Su ne aka fi yi wa kuskure. Agogo mai taɓawa zai burge abokai sati biyu. Amma na'urar auna wuta, da ƙarfen liƙa waya da dalma, da saitin ƙananan sukundireba, ko faifan sola babba da batiri da zai buɗe teburin caji a kasuwar mako, waɗannan jari ne. Ɗalibi kuma tsohuwar kwamfuta mai lafiyayyen batiri ta fi masa sabuwar lasifika. A kula da katin memori ma: akwai na jabu da ke nuna babban wuri, sai an zuba karatu ko hotuna a tarar sun ɓace.

Daga ƙarshe akwai zaɓin da wasu ke ganin kamar ya rage darajar kyauta, wato a turo kuɗin ta NITA, Al Izza ko Amana a saya nan. Gaskiya ne kaya sun ƙara tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, aka koma ɗauko su daga Lome ta Burkina Faso. Duk da haka wanda ya saya a nan zai sa layinsa ya gwada a gaban mai shago, ya karɓi takarda, in ta ba da matsala ya san ƙofar da zai koma. Kayan da aka ba wani matafiyi ya riƙo ba su da wannan, kuma in suka makale a hanya ko a duwan, salla ta wuce.

Na gida su ma da nasu aikin. In ɗan uwa ya tambaya, a faɗa masa gaskiya: babu wuta a garinmu, layi kaza ne ke kamawa, mai gyara sai ranar kasuwa. Kunya ba ta cika batiri. Na waje kuma kafin ya shiga shago ya buga waya ya yi tambayoyin nan huɗu, ko da zai ɓata mamakin da yake son bayarwa. Gumin da aka sha a ƙasar mutane ya fi ƙarfin a zuba shi cikin abin da zai yi sati ɗaya yana aiki.

Allah ya kai mu sallar lafiya, ya dawo da matafiya gida lafiya.