Wanda Na'ura Ta Shaida, A Bar Shi Ya Jefa Ƙuri'arsa

Gabanin zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ta sanar cewa mutum miliyan 93.4 ne ke cikin rajistarta, kuma miliyan 87.2 daga cikinsu sun karɓi katin zaɓe. Katuna sama da miliyan 6.2 suka kwana a ofisoshin hukumar. Wannan adadi ya zarce dukkan masu rajistar jihar Kano, waɗanda a lokacin suke miliyan 5.9, ya kuma ninka har sau uku tazarar ƙuri'u miliyan 1.8 da ke tsakanin Bola Tinubu da Atiku Abubakar. Mun yarda cewa a cikin masu waɗannan katuna akwai waɗanda suka rasu, akwai waɗanda tun asali zaɓen bai dame su ba. Amma akwai ɗimbin rayayyu da suka so zuwa, sunansu na cikin kundi, hotonsu da zanen yatsunsu na hannun hukuma, doka ta ce su zauna a gida saboda babu kati a aljihu.

Wannan jarida tana goyon bayan tantance mai zaɓe da tsanani. Duk wanda ya ga zaɓen 2007 ya san dalili. An wayi gari ana dangwala wa matattu ƙuri'a, mutum ɗaya ya zauna a ɗaki ya cike akwati, har marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda aka ba nasara, ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Don toshe wannan ɓaraka ce Farfesa Attahiru Jega, shugaban INEC na lokacin, ya kawo katin dindindin da na'urar karanta kati a 2015. Na'urar ta yi gardama a wurare da dama, ciki har da rumfar Shugaba Goodluck Jonathan a Otuoke, sai aka buɗe ƙofar cike fom ga wanda ta ƙi karɓa. Ta wannan fom ɗin maguɗi ya sake shigowa. Sannan a 2016, a shari'ar zaɓen gwamnan Ribas, Kotun Ƙoli ta ce na'urar ba ta da gurbi a dokar zaɓe da zai sa ta rinjayi rajistar takarda.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta gyara wannan. Sashe na 47 ya wajabta wa jami'in rumfa ya tantance kowa da na'ura, kuma idan ta lalace ba a kawo wata ba, a soke zaɓen rumfar a sake shi cikin awa 24 in har ƙuri'unta za su iya sauya sakamako. Na'urar da ake aiki da ita yanzu, BVAS, tana duba yatsa, in yatsa ya ƙi ta duba fuska. Manomin da fartanya ta cinye wa zanen yatsa da birkilan da siminti ya shafe wa tafin hannu sun samu mafita ta nan. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ba ma son a ja da baya ko da taki ɗaya.

Sai dai wannan sashe ɗin dai shi ne ya ce mai zaɓe ya zo rumfa da katinsa. A nan muke da ja. A tsaya a dubi abin da ke faruwa a kan teburin rumfa. Mutum ya miƙa kati, jami'i ya nemo bayanansa a cikin BVAS da lambobin da ke jiki ko da sunan mai shi, hotonsa ya fito, ya ɗora yatsa ko ya kalli na'ura, ta ce shi ne. Bayanan tun farko suna cikin na'urar. Aikin katin bai wuce ya nuna wa jami'i inda zai duba ba. Mai shaidar cewa Malam Wane ne yake tsaye a gaban tebur shi ne yatsansa da fuskarsa, kuma waɗannan ba a mantuwarsu a gida, ba sa ƙonewa a gobarar kasuwa.

Ita kanta INEC ta gane haka. A Disambar 2024, shugabanta na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya ba da shawarar a daina ɗaukar katin a matsayin shaida ɗaya tilo, a yarda da takardar da hukumar za ta buga wa mai rajista ko wadda zai sauke daga shafinta na intanet. A Ghana, inda ake tantancewa da yatsa tun 2012, wanda sunansa ke cikin rajista yana iya jefa ƙuri'a ko da katinsa ya ɓace, muddin na'ura ta tabbatar da shi.

Mu a Arewa wannan magana ta fi taɓa mu. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, mutane suna gudu cikin dare daga su sai kayan jikinsu. Matar da ta goya ɗa, ta riƙo wani a hannu, 'yan bindiga na banka wa rumbuna wuta a bayanta, ba za ta koma ɗaki neman katin zaɓe a ƙasan akwati ba. Dokar 2022 ta ce ba a ba da katin maye idan ya rage ƙasa da kwana 90 a yi zaɓe. Ke nan duk garin da aka tasa a cikin wata ukun ƙarshe, an raba mutanensa da gidajensu, an kuma raba su da bakin da za su tuhumi waɗanda suka kasa tsare su. Wannan zalunci ne a kan zalunci, kuma takardar doka ce ta ɗora na biyun.

Ko a inda ake zaman lafiya, karɓar kati wahala ce. A farkon 2023, ana tsaka da ƙarancin fetur da na takardun naira, mutane suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, su wuni a layi, a ce musu katinsu bai iso ba. Ɗan kasuwa ya rufe shago, leburan da ke ci daga hannu zuwa baka ya yi asarar yini. Mutum nawa ne za su jure komawa? A Nuwambar 2022 aka ƙona ofishin INEC na Abeokuta ta Kudu a jihar Ogun, katuna sama da dubu 65 da ba a karɓa ba suka tafi a wutar. Muddin kati ne mabuɗin rumfa, to mai son hana wata unguwa zaɓe ya san abin da zai ƙona.

Ya kuma san abin da zai saya. Kowa ya san dillalan da ke yawo unguwa-unguwa suna karɓar katunan mata da sunan tallafi. Da BVAS ba za su iya zaɓe da katin wani ba, kuma sun san haka. Abin da suke saye shi ne zaman mai katin a gida a yankin da abokin hamayyarsu ke da ƙarfi. Ranar da aka ce wanda ya sayar da katinsa ma yana iya zuwa ya ɗora yatsa, ranar wannan kasuwa za ta watse.

Akwai masu fargabar cewa sassauta batun kati zai buɗe ƙofar maguɗi, kuma ba mu raina fargabarsu ba, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma haɗarin yana wani wurin: jami'in da zai ajiye na'ura ya ba da ƙuri'a da hannu, da rajistar da har yanzu ake tsintar ƙananan yara a cikinta, da alƙaluman da ke sauya kama tsakanin rumfa da cibiyar tattara sakamako. Kati bai hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hatta Birtaniya, da ta fara neman shaida mai hoto a zaɓen ƙananan hukumomin Ingila na Mayun 2023, hukumar zaɓenta ta ƙirga aƙalla mutum dubu 14 da aka mayar gida ba su jefa ƙuri'a ba, alhali can ba a gudun hijira.

A 2023, kashi 27 cikin ɗari kawai na masu rajista suka fito zaɓen shugaban ƙasa, mafi ƙaranci tun 1999. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da mai zaɓen da za ta kora daga layi.

Muna kira ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai, musamman na jihohin da rashin tsaro ya ɗaiɗaita, su tsaya kai da fata a rubuta a doka ƙarara cewa duk wanda ke cikin rajistar rumfa kuma BVAS ta tabbatar da shi yana da ƙuri'a, da kati ko babu, wanda kuma ta ƙi ba shi da ita ko da ya zo da kati goma. INEC kuma ta ajiye mace ma'aikaciya a kowace rumfa domin masu niƙabi su buɗe fuska a gaban 'yar'uwarsu cikin sutura, ta kuma kai rajista da katuna sansanonin 'yan gudun hijira tun da sauran lokaci. Kai kuma mai karatu, kafin a kai ga haka, in katinka na ofishin INEC, je ka karɓo shi, kuma kada ka miƙa shi ga kowa.