Wa ya ba ka izinin huda dutsen nan?

A shekarar 1970 wani Ba'italiye mai suna Cesare Maestri ya ja injin huda dutse mai shan mai har kusa da saman wani tsauni da ake kira Cerro Torre, can kudancin Ajantina. Ya kafa ƙusoshin ƙarfe kusan 400 a jikinsa don ya samu abin maƙalawa. A 2012 wasu samari biyu, ɗan Amurka da ɗan Kanada, suka hau ba tare da dogaro da ƙusoshin ba, da za su sauko suka cire fiye da 100. Mutanen garin da ke gindin tsaunin suka fusata, har 'yan sanda suka shigo maganar. Masu hawan dutse na musu har yau: wasu na cewa ƙusa tana ceton rai, wasu na cewa ramin da ka huda ba ya toshewa, ka yanke wa na baya hukunci ke nan.

Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne: mai kafawa da masu cirewa duk baƙi ne, kuma duk gaban kansu suka yi.

Za ku ce mu 'yan Adar ina ruwanmu, wa ke hawa da igiya a Keita ko Buza? Gaskiya ne. Amma ana taɓa duwatsunmu kullum. Ana fasa su ana loda wa kamyo a kai birni yin gini. Ana kafa ƙarafunan tarho a kan tudu. Mu kanmu samari muna hawa ɗaukar hoto, mu sauko mun bar sunanmu da na budurwa da fenti, kamar dutsen gadon ubanmu ne mu kaɗai.

Kar wani ya ɗauka cewa nake kada a taɓa dutse. Duk wanda ya san Keita ya san ba haka ba ne. Bayan fari, a 1984, aka fara furojen Keita da kuɗin Italiya tare da hukumar FAO. Iyayenmu, mata ne mafi yawansu, suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka ana biyan su da abinci. Suka jera su a kan fako, suka tona ramukan tare ruwa a jikin tsaunuka, suka cika ragar waya da dutse aka toshe bakin kwazazzabai. Wannan ma ƙarfe ne da dutse, kuma ya canza kamannin wurin sosai. Sai dai waɗanda suka yi gumin su ne ke zaune ƙarƙashin tsaunin, gonakinsu ne ruwa ke ci in ya gangaro da ƙarfi. Mai kamyon tsakuwa fa? Ya kwashi dutsen da ke riƙe ƙasa ya tafi, damina ta zo, zaizaya ta sauka gonar wanda bai ga ko dala ba.

Akwai kuma duwatsun da tsofaffi ke girmamawa tun kafin a haife mu. Ko ka yarda da abin da suke faɗa ko ba ka yarda ba, ba kai kaɗai za ka yanke ba. A Ostireliya 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna roƙon a daina hawan dutsen Uluru. A watan Oktoba na 2019 aka rufe hawan, aka cire sarƙar da baƙi ke kamawa.

Mu ba sai mun jira sabuwar doka ba. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, kuma akwai su tun daga matakin gunduma har ƙauye, da maigari, da manoma, da makiyaya, da mata a ciki. In ka ga ana fasa dutse ko ana kafa ƙarfe a tudun garinku, je ka tambayi maigari ko maganar ta bi ta kwamitin nan, kuma nawa ke shiga asusun gari. Ku rubuto mana abin da aka ce muku, da sunan ƙauyen.