Kan Sarki Ɗaya Da Akwatin Mamaci



A watan Yunin 2014, kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon wani ɗan kan sarki a New York, aka saye shi kusan dala miliyan 9.5. An buga shi a 1856 a British Guiana, wato Gayana ta yau, kuma shi kaɗai ya rage a irinsa. Yana cikin dukiyar da John du Pont ya bari da ya mutu a 2010.

Wasu na ganin laifi ne a kai abin da mamaci ya tara gwanjo. Ni ban ga laifi ba, domin wanda ya zuba kuɗi zai adana. Abin tsoro shi ne rashin sanin daraja. Yaro ɗan shekara 12 ne ya tsinci kan sarkin nan a 1873 cikin tsofaffin wasiƙun danginsa, ya sayar sule shida kacal.

To mu fa? Wasiƙu da rubuce-rubucen magabata nawa ne suka ƙare a hannun mai ƙosai, ko gara ta cinye? In an yi rasuwa, kafin a share ɗaki, mu nemi izinin magada mu duba akwati. Kai ma, tun kana raye, sanar da iyalinka inda rubutunka yake.