Shayin Maycomb da Jigon Munafunci a Littafin To Kill a Mockingbird

Da wuya a yi nazarin ƙagaggen labarin Harper Lee, To Kill a Mockingbird, wanda ya fito a 1960, ba a yada zango a zauren kotu ba. A nan ne lauya Atticus Finch ya kare Tom Robinson, baƙar fatan da aka tuhuma da yi wa Mayella Ewell fyaɗe a garin Maycomb na jihar Alabama. Ya nuna cewa raunukan yarinyar a gefen dama na fuskarta suke, alhali hannun hagun Tom ya shanye tun yana yaro a injin gurzar auduga, mahaifinta Bob Ewell kuwa bahago ne. Duk da haka masu taya alƙali hukunci, fararen fata su 12, suka same shi da laifi. Fim ɗin da aka yi a 1962 ya ƙara kafe wannan fage a zukatan jama'a.

Mai bin tsarin babban jigo da ƙananan jigogi zai yi saurin ɗora wariyar launin fata a sama, ya ajiye munafunci a ƙasa. Wannan rabo bai yi wa littafin adalci ba, domin munafuncin masu mutunci shi ne ke ciyar da wariyar. Hujjar tana babi na 24.

A babin, Alexandra, gwaggon Scout mai ba da labari, ta tara matan ƙungiyar mishan shan shayi a gidan Finch. Uwargida Merriweather tana ta hawaye saboda talauci da duhun kan Mruna, wata ƙabila da marubuciyar ta ƙirƙiro, wadda manazarta ke ɗauka ta Afirka ce. Hawayen bai bushe ba ta koma ƙorafin cewa mai aikinta Sophy ta ɗaure fuska tun da aka yanke wa Tom hukunci, har tana yi mata gorin dala ɗaya da kwata da take biyanta a mako. Ana tsakiyar wannan hira Atticus ya shigo da labarin cewa masu gadin kurkuku sun harbe Tom, harsashi 17 a jikinsa. Aka ɗauke kuku Calpurnia ta raka shi gidan mamacin, aka ci gaba da zagayawa da faranti. Baƙin da ke nesa ba ya neman ƙarin albashi, ba ya neman kujera a gaban coci, shi ya sa tausayinsa ke da arha.

Babi na 26 ya maimaita darasin a aji: Malama Gates ta la'anci Hitila kan zaluntar Yahudawa, ita da Scout ta ji a matakalar kotu tana murnar an koya wa baƙaƙe hankali. Akwai kuma wani bayani da ake yawan tsallakewa. Atticus ya shaida wa 'ya'yansa cewa mutanen cikin gari kan nemi uzuri daga zaman yanke hukunci don gudun ɓata wa abokan ciniki rai, sai aikin ya faɗa kan manoman ƙauye. Wato manyan gari suna son sakamakon, amma da hannun wani. Bob Ewell, mashayin da ke zaune a bakin juji, ya zama bolar da kowa ke zuba laifinsa.

Sai dai littafin kansa bai tsira daga abin da ya tona ba. Mai karatu bai taɓa shiga zuciyar Tom ba. A kotu kusan kaɗai aka ji muryarsa, mutuwarsa kuma a bakin wani aka ji ta. Faɗuwar matarsa Helen da ta ji labari, yaro Dill ne ya ba da ita. Fagen da ya fi sa masu karatu ƙwalla shi ne inda baƙaƙen da aka keɓe a benen kotu suka miƙe tsaye don girmama farin lauya, a ranar da aka yanke wa ɗan'uwansu hukuncin kisa. Wahalar ta baƙaƙe ce, ɗaukakar ta Atticus. Mai karatun da ya rufe littafin yana jin kansa mutumin kirki ya kusa zama ɗaya daga cikin matan shayin.

Atticus ma yana da yawan yi wa maƙwabtansa uzuri. Walter Cunningham, wanda ya zo cikin gungun masu niyyar kashe Tom a ƙofar gidan yari, a wurinsa mutumin kirki ne mai ɗan rauni. Da Go Set a Watchman ya fito a 2015, masu karatu da dama sun fusata da ganin tsohon Atticus zaune a taron masu adawa da haɗa baƙi da fari a makarantu, suka ce an ɓata musu gwarzo. Alhali wancan rubutun Lee ta fara miƙa wa masu ɗab'i a 1957, daga cikinsa ne aka sassaƙo lauyan da duniya ta sani.