Rahoton da ke shaida a kanka, ba ka taɓa ganinsa ba

A unguwar Cissin, a nan Burkina, ba a rasa labarin hanya. Tsakanin direban da ya taso daga Dori, da dillalin shanu, da mai fataucin goro, kafin la'asar an san inda aka tare motoci da garin da ya watse. Sai dai wannan sani ba ya tsinana komai ga ɗan'uwanmu da ke zaune gaban jami'in ba da mafaka a Faransa ko Italiya. Jami'in ba zai tambayi Zango ba. Rahoton halin da ƙasar mutum ke ciki zai buɗe, ya auna maganarsa da abin da ke rubuce. In sun yi daidai, to madalla. In ba su yi ba, sai a fara yi masa kallon maƙaryaci.

Masu haɗa rahotannin sanannu ne: hukumar mafaka ta Tarayyar Turai, EUAA, da ke Malta, da sashen bincike na OFPRA, hukumar ba da mafaka ta Faransa, da rumbun ecoi.net wanda Red Cross ta Ostiriya ke kula da shi, kyauta a intanet. Ban raina aikinsu ba. Amma da abin da 'yan jarida da ƙungiyoyi suka wallafa suke gini, kuma akasarinsa da Ingilishi ko Faransanci.

A nan gizo ke saƙar. An dakatar da RFI a Burkina a Disamban 2022, France 24 a Maris ɗin 2023, sannan BBC da Muryar Amurka na mako biyu a Afrilun 2024. Adadin 'yan gudun hijirar cikin gida da ake ta ambata, sama da miliyan 2, na hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, CONASUR, ne tun Maris ɗin 2023. Gwamnati na da hujjarta, ta ce yaƙi ake yi. To, wa ke biyan kuɗin shirun? Kisan Solhan na Yunin 2021 duniya ta ji, wanda ya tsira daga can yana da abin nunawa. Matar da aka ƙona ƙauyensu a bayan Djibo, garin da 'yan bindiga suka datse wa hanya tun 2022, bakinta kaɗai gare ta, shi ma ta hannun tafinta.

Kada mu ɗauka matsalar Turai ce. Tun 2012 'yan Mali ke fakewa a nan, a sansanonin Mentao da Goudoubo kafin rashin tsaro ya tashe su, kuma hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa, CONAREF, ce ke duba batunsu. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 kan 'yan gudun hijira ta fi ta Janeba ta 1951 sassauci: ba sai an farauce ka kai kaɗai ba, rikicin da ya dagula yankinku ya isa. Ke nan sanin halin yankin shi ne rabin shari'ar.

Ni a ganina gyaran ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Masu binciken su ɗauki mutanen da ke jin Hausa da Fulatanci da Mosanci, su riƙa sauraron gidajen rediyonmu suna adana abin da aka faɗa da ranarsa. A karanta wa mai neman mafaka sashen da ya shafi garinsu da harshensa tun kafin a yanke hukunci, ya samu damar cewa nan an yi kuskure. Ƙungiyoyin Zango kuwa, da suka iya rubuta sunan duk wanda ya ba da gudummawar biki, ba zai gagare su rubuta wane gari ne ya tashi ba, a wace rana, su miƙa wa lauyoyi ba tare da sunan kowa ba.